“Ai a Kwamfutata Tana Aiki”

Wani matashi da ya zo koyon aiki a ofishinmu ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce, “Oga, Docker zan koya ko Jenkins? Kowa na tambaya sai ya faɗa min daban.” Na ce ya jawo kujera. Na riski zamanin da ba mu da ko ɗaya daga cikinsu, na kuma san ciwon da ya haifi kowanne, shi ya sa ba na iya amsa wannan tambaya a tsaye.

Lokacin da na fara rubuta manhaja, kowa na killace da nasa ɓangaren a kwamfutarsa, mako biyu ko uku ba wanda ya ga aikin wani. Ranar haɗawa ita ce ranar tashin hankali. Wannan ya canza sunan wani abu bai faɗa ba, wancan ya goge abin da wani ya dogara da shi, sai a kwana ana neman inda aka yi saɓani. Masana irin su Kent Beck da Martin Fowler a Amurka sun daɗe suna cewa maganin shi ne a riƙa haɗawa kullum, sau da yawa a rana, a kuma bar wa na'ura aikin gwaji. A 2001 ma'aikatan ThoughtWorks suka fitar da CruiseControl don wannan aiki, amma saita shi sai mai haƙuri.

Wanda ya sauƙaƙa abin shi ne Kohsuke Kawaguchi, ɗan ƙasar Japan da ke aiki a Sun Microsystems. Ya gaji da zama mutumin da ake nuna wa yatsa duk lokacin da gini, wato haɗa manhajar wuri guda, ya karye, sai ya rubuta wa kansa mai gadi a 2004, ya sa masa suna Hudson. Aikinsa ɗaya ne: da zarar wani ya turo sabon rubutu, ya ɗauko, ya haɗa, ya gwada, ya faɗi sakamako. Bayan Oracle ya sayi Sun a 2010 aka samu saɓani a kan mallakar sunan, sai masu aikin suka kaɗa ƙuri'a a farkon 2011 suka koma Jenkins. Hudson ya ci gaba a hannun gidauniyar Eclipse na ɗan lokaci, daga baya ya dusashe.

Namu Jenkins ɗin a wata tsohuwar kwamfuta muka girka shi, ƙarƙashin teburin da ke kusa da taga, da ƙaramin batir a gefenta saboda ɗaukewar wuta. Da safe kafin a sha shayi sai an leƙa shafinsa. Kowane aiki da ƙwallonsa: ja idan ya karye, shuɗi idan ya yi. Mun daɗe muna mamakin rashin kore, sai daga baya muka ji cewa a Japan fitilar ba da hannu da muke ce wa kore, shuɗiya suke kiran ta. Kusa da ƙwallon akwai hoton yanayi, rana idan an jima ana nasara, hadari da walƙiya idan an jera faɗuwa. Wannan ɗan hoton ya gyara mana hali fiye da kowace faɗakarwa a wurin taro. Ba wanda ke son ya tashi aiki ya bar hadari da sunansa a kai.

Amma akwai ciwon da Jenkins bai taɓa ba. Sai ƙwallo ya yi shuɗi, a kai manhaja uwar garken masu aiki, ta ƙi tashi. A kira wanda ya rubuta, ya ce, “Wallahi a kwamfutata tana aiki.” Kuma gaskiya ya faɗa. Tasa na da sigar Java dabam, ko wata laburare da ya sauke wata shida da suka wuce ya manta. Ita kanta kwamfutar ƙarƙashin tebur ta zama abin tsoro, domin shekaru ana cusa mata abubuwa da hannu ba wanda ke rubutawa. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona faifanta, kwana huɗu muka yi muna tuno abin da ke cikinta.

Maganin wannan ya daɗe a ƙasa. Tun 1979 Unix ke da hanyar rufe manhaja cikin wani lungu na faifai. FreeBSD ta kawo tsarinta na killacewa a 2000, Solaris ta zo da nata a 2005, injiniyoyin Google kuma suka rubuta abin da ke ƙayyade wa kowane aiki rabonsa na ƙarfin kwamfuta, ya shiga zuciyar Linux a 2008. Duk kayan suna nan, sai dai gwanaye kaɗai ke iya sarrafa su. A watan Maris na 2013, a taron PyCon a Santa Clara, Solomon Hykes na kamfanin dotCloud ya tsaya na minti biyar ya nuna Docker.

Duk wanda ya san yadda kaya ke zuwa Kantin Kwari ya riga ya gane dabarar. Ana rufe kwantena a Guangzhou, jirgi ya ɗauka, tirela ta karɓa a Apapa, ba ruwan direba da abin da ke ciki. Malcom McLean ne ya fara wannan a 1956, da kwantena 58 daga Newark zuwa Houston. Docker ya ce a yi wa manhaja haka: a rubuta a ɗan fayil guda abin da take buƙata, layi bi layi, a ɗaure ta da kayanta, duk inda aka buɗe a same ta yadda aka rufe. Fayil ɗin nan ya fi komai daraja a wurina. Abin da a da yake cikin kan mutum ɗaya ya koma rubutu da kowa zai karanta. Mu da intanet ke wa wuya mun sha jira kafin ɗaruruwan megabait su sauko, amma da yake hawa-hawa ake ajiye ƙunshin, bayan saukar farko sai abin da ya canza kawai ake jawowa.

A shekarun farko an yi ta muhawara kamar tsakanin Docker da Jenkins ɗayan zai kori ɗayan. Abin da ya faru a zahiri shi ne Jenkins ya zama mai buɗe kwantena. Da sigarsa ta 2 ta fito a 2016, matakan aiki suka koma fayil da ake ajiyewa tare da rubutun manhaja, kuma kowane gini yana iya gudana cikin sabuwar kwantena da za a jefar bayan an gama. Google ya fitar da Kubernetes a 2014 don kiwon kwantena masu yawa, a 2015 kuma manyan kamfanoni suka amince da ma'auni ɗaya, ta yadda ƙunshin da Docker ya ɗaure wata manhaja irin Podman za ta iya buɗe shi.

Inda zaɓi na gaske yake yanzu shi ne wa zai riƙe maka gadin. Jenkins na da kayan ƙari sama da 1,800, kuma kula da su aiki ne mai cin mutum guda. Ka sabunta ɗaya, biyu su yi fushi. GitHub Actions, da aka buɗe wa kowa a 2019, da kuma GitLab, sun ɗauke wannan nauyi ga ƙananan ƙungiyoyi. Amma banki ko hukumar da ba za ta bari rubutunta ya fita daga gininta ba, har yau Jenkins na mata aiki da aminci, kuma ina ganin hakan daidai ne.

Na ce wa yaron ya fara da kwantena, domin ko shi kaɗai ne yana buƙatarta, mai gadi kuwa sai an zama mutum biyu. Na ba shi wata ƙaramar manhajar rajistar ɗalibai, na ce ya ɗaure ta kafin ya tashi, gobe mu buɗe ta a kwamfutata. Ya ce, “To Oga, idan ta ƙi fa?” Na ce sai mu karanta fayil ɗinsa tare mu ga layin da ya tsallake.