Yawon buɗe ido mai kare muhalli: wa za a ɗauka aiki, ina za a sa jari?

Jama'a masu saurarenmu, da ƴan uwa da ke ƙetare masu son su aiko da ɗan jari gida, ana yawan tambayarmu ko akwai riba a buɗe masauki ko gidan abinci kusa da gandun daji. Ga bayani, kuma mun ɗauki misalin raƙuman dawa na ƙasarmu.

Mene ne shi?

Shi ne baƙo ya zo ganin daji da namun da ke cikinsa, ya biya kuɗi, kuɗin su amfani mutanen wurin, dajin kuma ya zauna yadda aka iske shi. Wato hajar da ake sayarwa ita ce dajin kansa. In itatuwa suka ƙare, dabbobi suka gudu, kasuwa ta watse ke nan.

Daga Kure zuwa Gadabeji

Kure na da nisan kamar kilomita 60 daga Yamai. A yankin ne sauran raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma suka rage, babu shinge, suna yawo har cikin gonaki. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Zuwa 2018 sun haura 600. An hana farautarsu, ƙungiyoyi sun gina rijiyoyi sun ba mata ƙananan rance, baƙo kuma sai ya ɗauki ɗan jagora kafin ya shiga. Manomin da raƙumi ya ci wa wake ya fi iya haƙuri in ya san ɗansa ko ƙanensa na cin abinci da dabbar.

A watan Nuwamba 2018 an kwashe raƙuma 8 zuwa gandun dajin Gadabeji, cikin jihar Maradi, inda fari da farauta suka ƙarar da su shekaru da dama da suka wuce. An kafa gandun tun 1955, UNESCO kuma ta amince da shi a 2017.

Wane irin ma'aikaci?

Na farko, ɗan wurin. Da ɗan gari akan ci gari. Makiyayin da ya tashi a dajin ya san sawu, ya san inda gawo da bagaruwa suke, ya san wurin da dabba ke sheƙa iska da rana. Ƙwararren ɗan jagora na iya bambance raƙumi da ɗan uwansa ta zanen jikinsa, don ba biyu da zanensu ya zo ɗaya.

Na biyu, horo. Direba ya san ba a kora dabba da mota don baƙo ya ɗauki hoto. Mai girki ta yi aiki da gas ko murhu mai tsimin itace, ba da icen gandu ba. Mai shara ya tattara leda, don dabba in ta haɗiye ta tana iya mutuwa.

Na uku, albashi. Ma'aikacin da ake biya sai ranar da baƙo ya zo, in wata biyu suka wuce shiru, gatari zai ɗauka. Gara ɗan albashi kaɗan mai zuwa kowane wata, da tukuici ga wanda ya kula da tsirrai ko ya kai rahoton mafarauta ga ma'aikatan gandun daji.

Kafin ka zuba kuɗinka

Wannan sana'a tana tafiya ne da tsaro. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da ɗan jagoransu. Bayan haka Faransa ta gargaɗi ƴan ƙasarta su guji ko'ina a Nijar ban da Yamai. Baƙi suka ɗauke ƙafa, ƴan jagora da masu sayar da kayan hannu suka rasa abin yi dare ɗaya.

Saboda haka shawararmu ita ce:

Kada ka ci bashi mai nauyi ka gina ɗakunan siminti da sunan Turawa za su zo. Fara da rumfa, da ruwa mai tsabta, da wutar hasken rana.

Ka yi lissafi da baƙon gida: ƴan makaranta, ma'aikata masu hutu, ƴan uwa da suka zo ganin gida.

Ka haɗa da sana'ar da ke ci ko babu baƙo, kamar kiwon zuma, renon itatuwa ko cajin waya.

Mata masu adashe, irin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991, za su iya shiga da abinci, tabarmi da cuku, ba tare da babban jari ba.

Ka nemi izini wurin magajin gari da ma'aikatan gandun daji kafin ka kafa ko da dirka ɗaya.

Ɗan uwa da ke ƙetare, in za ka aiko da kuɗi, ka fara tambaya wa zai riƙe wurin, me aka koya masa, kuma nawa za a biya shi a watan da babu baƙo. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a nema.