Lura da Tunani a Fagen Jinya

Lura da tunani dabara ce da masana halayyar ɗan Adam ke koya wa majinyaci domin ya riƙa kallon abin da zuciyarsa ke saƙawa, ba tare da ya yanke masa hukunci ko ya kore shi ba. Wanda zuciya ta raya masa "ba ni da amfani" yakan koyi cewa "ga tunanin nan ya sake zuwa", sannan ya mayar da hankali kan numfashinsa. Tunani baƙo ne, ba alƙali ba.

Asali

Tushenta na cikin addinin Buddha na Indiya, inda ake kiranta sati da harshen Pali. T. W. Rhys Davids, masani ɗan Birtaniya, shi ya ba kalmar fassarar Turancin da ta bi ta, a 1881.

Musulmi ma sun daɗe da ilimin tsaron zuciya. Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, ya shahara da koyar da binciken kai, kuma Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan muraƙaba da muhasaba. Sai dai manufa ta bambanta: muraƙaba neman yardar Allah ce, dabarar asibiti kuwa sauƙi take nema wa majinyaci.

Shigarta asibiti

A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe sashen rage damuwa a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Worcester, Amurka, musamman domin masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya raba dabarar da ibada, ya tsara ta mako takwas. A zaman farko akan miƙa wa kowa ƙwayar zabibi ɗaya: ya dube ta, ya shafa, ya sansana, ya ɗora a harshe, sannan ya tauna a hankali. Nan mutum ke gane yadda hankalinsa ke sulalewa, da yadda ake dawo da shi ba tare da faɗa ba.

Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ta sanya ta a jinyar masu yunƙurin halaka kansu. A littafinta na 1993 ta karkasa ta zuwa lura, da siffantawa, da tsunduma cikin abin da ake yi.

A 2000 John Teasdale da Zindel Segal da Mark Williams da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon gwajin dabarar kan mutum 145 da suka farfaɗo daga ciwon tsananin damuwa. Cikin waɗanda ciwon ya taɓa kamawa sau uku ko fiye, dawowarsa ta sauka daga kashi 66 cikin ɗari zuwa 37. A 2004 hukumar NICE ta Birtaniya ta amince da ita.

Christophe André, wanda ya yi aiki a asibitin Sainte-Anne a Paris, ya yaɗa ta a Faransa da sunan pleine conscience. Da wannan suna Bahaushen Adjamé ko Treichville a Abijan, ko na Maraɗi, zai ci karo da ita.

Iyakarta

Dabarar ba ta maye gurbin magani, kuma wanda ya taɓa shiga mummunan tashin hankali yana buƙatar ƙwararre a kusa, don zaman shiru kan tayar da tsohon miki. Amfaninta ya fi bayyana ga mai kwana yana saƙa da warwara: ba ta hana tunanin zuwa, amma tana hana shi mallake gidan.