SHIRIN MAI TAFIYA MAKKA SHI KAƊAI A ZAMANIN DA

Ran nan muna cikin darasin labarin ƙasa, mun rataye taswira muna nuna wa yara ƙasashen Gabas, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, an ce kakan kakana ya tafi Makka a ƙasa shi kaɗai, ga shi kuwa talaka ne, ko jaki ba shi da shi. To, da wane kuɗi ya tafi?" Muka ba shi amsa gwargwadon abin da lokaci ya bari, amma tambayar ba ta bar zuciyarmu ba. Don haka muka ga ya kamata mu kawo ta nan gaban jama'a, mu duba yadda magabatanmu su kan shirya wa wannan tafiya.

Da fari sai mu san hanyar. Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ita ce ta arewa, wadda ta bi ta Agadas da Gat da Fazzan ta faɗa Masar. Ta Masar ɗin nan Mansa Musa, Sarkin Mali, ya bi a 1324, kuma tun a tsakiyar ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka gina wa mutanensu masauki a Alƙahira. Amma hanyar hamada ta masu raƙuma ce da masu dukiya, ba a ratsa ta da ƙafa da gora ɗaya. Ta biyu ita ce ta gabas. Daga Kano a shiga Barno, a ƙetare kogin Shari, a bi ta Bagarmi da Wadai da Darfur da Kurdufan har bakin Nilu, daga nan a nufi Sawakin, a shiga jirgi a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Tsawonta ya fi mil 2,000, amma akwai garuruwa da gonaki da kasuwanni a kanta. Ita ce hanyar talaka, ita mu ke magana a kai.

To, me ya ba matalauci ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan hanya? Amsar tana cikin littattafan da a ke karantawa a zaurukan malamanmu. Haji ya wajaba ne ga mai iko, amma malaman Malikiyya ba su auna iko da kuɗi kaɗai ba. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya bayyana cewa mutumin da ya ke da ƙarfin tafiya a ƙasa, kuma yana da sana'ar da za ta ci da shi a hanya, shi ma mai iko ne, ko da ba shi da guzuri ko abin hawa, muddin dai akwai aminci ga ransa da dukiyarsa. Watau a wurinsu sana'a guzuri ce, kuma guzurin da ɓarawo ba ya iya kwancewa daga ƙugun mutum.

Saboda haka shirin farko shi ne sana'a. Wanzami ya wasa asakensa, ya gyara ƙahonsa. Maɗinki ya tanadi allurai, baduku ya ɗaure basilla da wuƙarsa a zabira. Almajiri kuwa ya ƙara kyautata rubutunsa, domin duk garin Musulmi da ya sauka akwai yaran da za a koya wa karatu, akwai mai bukatar a rubuta masa wasiƙa ko a juyar masa da littafi. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya dogara ga ƙarfinsa: ƙodago, da faskare, da jan ruwa, da dako. Wani Bature mutumin Suwizalan, mai suna Burckhardt, ya yi tafiya tare da irin waɗannan mahajjata daga Shandi zuwa Sawakin a 1814, ya ba da labarin ƙarancin kayansu, da yadda masu ilmi a cikinsu su ke ci da alƙalaminsu, sauran kuwa da aikin hannu. Mutanen can suna kiransu Takari.

Shiri na biyu ya fi nauyi, shi ne sallamar gida. Mai wannan tafiya ya san ba ta wata uku ba ce, ta shekaru ce, watakila ma ba dawowa. Sai ya bi masu binsa bashi ya biya su, ya mai da ajiyar mutane, ya bar gonarsa a hannun ɗan'uwa a gaban shaidu, ya yi wasiyya. Sa'an nan ya nemi yardar iyaye, ya zaga dangi da maƙwabta yana neman gafara. Maganar da ta fi kowace wuya ita ce ta iyali. Shari'a ta ce matar da mijinta ya ɓace, ba a san inda ya ke ba, kadan ta kai ƙara wurin alƙali sai ta jira shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba kafin ta yi wani aure. Mai tsoron Allah ba ya so ya bar 'yar mutane a rataye haka. Wani ya tafi da ita, wani ya bar mata abin ci a hannun waliyyi, wani kuwa ya ba ta zaɓi tun yana tsaye a ƙofar gida. Wanda ya fita bai warware wannan ƙulli ba, ya tafi neman lada ya bar alhaki a bayansa.

Sa'an nan a zo ga kuɗi. Kuɗin ƙasarmu a lokacin wuri ne, ga nauyi, ga shi ba ya ci a ƙasashen gabas. Sa'ad da Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar riyali ɗaya na azurfa wuri 2,500 ne. Keso guda kuwa, watau wuri 20,000, kayan ƙato ne sosai, alhali riyali takwas kurum ya ke. Don haka mai hankali ya kan juya ɗan abin da ya tara ya koma riyalan nan masu hoton sarauniya Mariya Tariza, waɗanda a ke karɓa tun daga Barno har Jidda, ya zuba su a lalita ya ɗaure a ƙugu. Saura ya sayi haja marar nauyi mai tsada, kamar baƙaƙen rawuna da turkuɗin Kano, domin a Barno da ƙasashen da ke gabas da ita har da ƙyallen saƙi a ke ciniki.

Kayan jiki kuwa ba su da yawa. Buzu na salla da kwanciya, da buta, da salka ko gora, da akushi, da ƙyastu, da sanda, da gafaka. Abin ci sai wanda ba ya lalacewa: gumba, da ƙuliƙuli, da kilishi, da garin kuka da daddawa. Da yawa kuma su kan naɗe likkafaninsu su sa a ƙarƙashin kaya, don kada su ɗora wa baƙi nauyi ran da ta Allah ta kasance.

Ranar tashi ma ba a zaɓenta da ka. A kan fita da kaka, hatsi ya yi araha, koguna sun fara janyewa, rijiyoyi ba su ƙafe ba tukuna. Damina na sauka tafiya ta tsaya, gama baƙar lakar kudancin tafkin Chadi ko doki ba ya ratsa ta. Nan mutum zai nemi gari ya yi noma, ya sayar, ya ƙara gaba. A yammacin Kurdufan akwai wuraren da babu rijiya, sai kukoki da mutane suka rarake su ke tara ruwan sama a ciki, ruwan kuwa yana da masu shi. Wanda bai tambaya ba tun daga nesa, ƙishirwa ce za ta gaya masa. Shi ya sa su kan zauna da tsofaffin alhazai su haddace sunayen zango-zango, su koyi ɗan Larabcin ciniki da na gaisuwa, su karɓi takarda daga malaminsu zuwa ga wani malami a gaba. Matambayi ba ya ɓata. Kuma ko da ya ke mutum shi kaɗai ya fito, ba ya ratsa dajin 'yan fashi shi kaɗai, sai ya jira ayari a zango ya raɓu da shi.

Zuwan Turawa ya sake fuskar hanyar. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a mai yawa ta bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ya zama masauki ga na baya. A 1912 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Al'ubayyid. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sannar, gonakin auduga na Jazira suka buɗe, mahajjata suka sami aikin tsinkar auduga suna tara kuɗin jirgi. Amma shiri ya ƙaru, domin sai da fasfo, da lamba saboda agana, da zaman jiran likita a Sawakin. Masu hali kuwa suka sami wata hanya: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi ta jirgin ruwa a 1921, ya biya ta Ingila.

Kada mu ɓoye abin da hanyar ta ci. Ta ci rayuka da ciwo da ƙishirwa. Waɗansu an kama su an sayar, har da yara, gama ba a soke bauta a ƙasar Saudiyya ba sai 1962. Waɗansu sun tsaya noman damina ɗaya a Sudan, ta zama damina talatin, jikokinsu na can har yau suna jin Hausa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma waɗanda suka komo, bayan shekara biyar ko bakwai ko fiye, sun komo da Larabci da littattafai da sanin duniya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya karɓe tafiyar, yau daga Kano zuwa Jidda ba ta fi sa'a biyar ba. Amma samarinmu ba su daina fita ƙasashen waje su kaɗai ba, wani karatu, wani neman abinci. Muna roƙonsu, kafin su tambayi kuɗin jirgi, su yi wa kansu tambayoyin da kakan kakan yaron nan ya yi. Wa na ke bari a baya, na kuwa sauke hakkinsa? Wa zan sauka wurinsa? Kadan lalitata ta ƙare, me hannuna ya iya? Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo mana da su lafiya, amin.