3.4 Takunkumin Bankuna da Kuɗin Kamfanoni: Tasirinsu a kan Kuɗin Kirifto a Ƙasar Daura

Kamar yadda aka yi bayani a baya, ƙasar Daura ta daɗe da sanin canjin kuɗi bisa umarnin hukuma. An yi zamanin wuri, Turawa suka kawo sule da fam, sa'an nan naira ta zo a shekarar 1973. Haka kuma kasancewar masarautar a bakin iyaka ya sa fatake a kasuwanni irin ta Mai'aduwa sun saba da riƙe naira da sefa a aljihu guda. Kuɗin kirifto, wanda ya faro da Bitcoin a 2009, ya bambanta da waɗannan duka, domin ba shi da babban banki ko kamfanin da yake buga shi. Dubban kwamfutoci ne suke riƙe da littafin lissafinsa.

Ganin bunƙasarsa ya sa kamfanoni suka shigo da nasu. Kamfanin Facebook ya sanar da Libra a watan Yuni na 2019, amma hukumomin Amurka da na Turai suka taso shi gaba, aka sake masa suna zuwa Diem, daga bisani aka rufe shirin a farkon 2022. Wanda ya tsaya da ƙafarsa shi ne USDT na kamfanin Tether, wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka.

A Nijeriya kuwa, ranar 5 ga Fabrairu, 2021, Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna da su rufe asusun masu hada-hadar kirifto. Ranar 25 ga Oktoba na wannan shekara, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya ƙaddamar da eNaira. Wato an toshe ƙofa guda, an buɗe wata ta gwamnati. Sai dai jama'a ba su bi ta cikinta ba. Masu kirifto sun koma cinikin hannu da hannu: mai saye ya tura naira zuwa asusun mai sayarwa kamar kowane biyan kuɗi, shi kuma ya sakar masa kirifto ta dandalin Binance. Banki ba ya ganin abin da aka saya.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya fi cin gajiyar wannan hali ba Bitcoin ba ne, USDT ne. Mutumin da naira take narkewa a hannunsa dala yake nema, ba kuɗin da farashinsa yake hawa da sauka a yini guda ba. Ke nan an guje wa ikon banki an faɗa ikon kamfani, tun da Tether yana iya daskarar da kuɗin duk wanda hukuma ta nuna masa.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya ƙara fito da wannan a fili. A Daura ne gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya gana da Shugaba Buhari ranar 29 ga Janairu, 2023, ya kuma sanar da ƙara wa'adin tsofaffin takardun naira zuwa 10 ga Fabrairu. A wannan matsi, mai sayar da akuya ko gero bai nemi eNaira ko Bitcoin ba. Masu POS da manhajojin kamfanoni irin su OPay da Moniepoint aka dogara da su, a ƙauyukan iyaka kuma sefa ta yi rana.

Babban Banki ya janye takunkumin a watan Disamba na 2023. Amma a Fabrairun 2024 hukuma ta tsare jami'an Binance guda biyu, kamfanin kuma ya daina hulɗa da naira a watan Maris. A 2025 ne sabuwar dokar zuba jari ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin kulawar hukumar kula da hannayen jari ta ƙasa.