Sharaɗin Carnegie: Gini Daga Attajiri, Riƙo Daga Hukumar Gari

'Yan uwana matasa, yau ina so mu leƙa tarihin ɗakunan karatu na jama'a, mu ga yadda wani attajiri ya ɗaure hukumomin garuruwa da alƙawari.

An haifi Andrew Carnegie a garin Dunfermline na Sikotlan a 1835, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka a 1848. Yana yaro ɗan ƙwadago, wani Kanar James Anderson ya riƙa ara wa yara ma'aikata littattafansa, shi ma ya amfana. Da ya yi arziki a sana'ar ƙarfe, sai ya shiga gina laburare, ya fara da mahaifarsa a 1883. Zuwa 1929 an gina 2,509 da kuɗinsa, 1,689 daga ciki a Amurka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharaɗinsa. Gini kawai yake bayarwa. Hukumar gari ce za ta ba da fili, ta yi alƙawarin ware kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara don littattafai da albashi da gyara, kuma ƙofa ta zama a buɗe ga kowa kyauta. Wato garin da ya karɓi dala 10,000 ya ɗaukar wa kansa dala 1,000 kowace shekara. Da haka laburare ya shiga kasafin kuɗin gari, ya zama haƙƙin mai biyan haraji.

Wasu garuruwan sun ƙi karɓa, ko don nauyin harajin, ko don fushin 'yan ƙwadago kan jinin da aka zubar a yajin aikin masana'antarsa ta Homestead a 1892. Wasu kuma sun karɓa suka gaza cika alƙawari. Binciken da Alvin Johnson ya yi wa gidauniyar Carnegie ya nuna gine-gine da dama ba su da ƙwararrun ma'aikata, sai aka daina ba da sabon tallafin gini a 1917.

A ganina, darasin a fili yake. Aza harsashi aikin yini guda ne, riƙo kuwa na shekaru. Duk wanda ke son garinsu ya samu ɗakin karatu, ya fara tambayar ƙaramar hukumarsa nawa za ta ware masa duk shekara, kuma wa zai kula da shi. Allah Ya sa mu dace.