Yadda tazarar da ke tsakanin kumbo biyu ta zama ma'aunin ruwan duniya

A ce an ajiye mota ɗaya a Kano, ɗaya a Kaduna, kowacce na sheƙa gudu, sai a ce ka faɗi ko tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru da abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Za ka ce ai wannan tatsuniya ce. To, tun shekarar 2002 ake yin irin wannan awo a sararin samaniya, kuma da shi masana suke gane inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake ƙafewa da inda ƙanƙara take narkewa. Sai dai kafin a kai nan, an fara ne daga lokacin da ko matsawa kusa da wani kumbo ya gagari ƙwararren matuƙi.

A watan Yunin 1965, ɗan sama-jannatin Amurka James McDivitt, cikin kumbon Gemini 4, ya yi ƙoƙarin matsawa kusa da ragowar rokar da ta harba su. Ya yi abin da kowane matuƙin jirgi zai yi: ya saita hanci, ya ba da wuta. Maimakon ya matso, sai rokar ta riƙa yi masa nisa, har ya ƙona man da ya kusa rabin abin da yake da shi, ya haƙura. Dalili kuwa shi ne, a falaki idan ka ƙara wuta zuwa gaba, sama za ka hau, hanyarka ta zagaya duniya ta ƙara tsawo, gudunka ya ragu, abokin tafiyarka ya bar ka a baya. Mai son cim ma na gaba sai ya sauko ƙasa kaɗan, inda zagayen ya fi gajarta.

Wata shida bayan haka, ranar 15 ga Disambar 1965, Wally Schirra da Tom Stafford suka nuna an koyi darasin. Da taimakon na'urar rada da wata 'yar ƙaramar kwamfuta, suka kai Gemini 6A gab da Gemini 7, har tazarar ta koma kimanin santimita 30. A wancan zamani amfanin auna tazara ɗaya ne: a haɗu lafiya, kada a yi karo.

A 1969 wani masanin kimiyyar lissafi da sararin samaniya, Milo Wolff, ya kawo wani tunani na daban. Ka san ƙarfin da duniya take jawo abubuwa da shi ba daidai yake a ko'ina ba. Inda aka tara nauyi, kamar tsauni ko tulin ƙanƙara, jan ya fi ƙarfi kaɗan. Wolff ya ce a sa taurarin ɗan'adam biyu su bi layi ɗaya, ɗaya na bin ɗaya. Idan na gaba ya tunkari tsauni, tsaunin zai fizgo shi, tazarar ta buɗe. Da ya wuce, tsaunin zai riƙa jan sa baya, a daidai lokacin da na bayan ya fara samun tasa fizgar, sai tazarar ta tsuke. Wanda ya iya karanta wannan buɗewa da tsukewa, ya auna nauyin abin da ke ƙasa ke nan ba tare da ya taɓa shi ba. Matsalar ita ce canjin ƙanƙani ne ƙwarai, kuma na'urorin wancan lokaci ba su kai ba. Sai da aka jira fiye da shekara 30.

Ranar 17 ga Maris 2002 aka harba tagwayen taurarin GRACE daga Plesetsk a Rasha, aikin haɗin gwiwar hukumar NASA ta Amurka da takwararta ta Jamus. Ma'aikatan sun yi musu laƙabi da Tom da Jerry, saboda kullum ɗaya na bin ɗaya. Suna tafiya a nisan kusan kilomita 500 daga ƙasa, da tazarar kimanin kilomita 220 a tsakaninsu, suna zagaya duniya kusan sau 15 a rana.

Ga yadda dabarar take. Kowane tauraro yana aika wa ɗan'uwansa saƙon rediyo, yana kuma karɓar nasa. Idan tazarar ta canza, igiyar saƙon da ke isowa sai ta ɗan goce daga inda ake tsammaninta, kuma wannan gocewa ake aunawa. Da yake kowane agogo yana da ɗan kuskurensa, sai a haɗa awon ɓangarorin biyu, kuskuren ya kashe kansa. An kuma yi amfani da mita biyu, gigahaz 24 da 32, domin a cire jinkirin da ɓurɓushin lantarki na saman iska ke jawowa. Ta haka ake gane canjin da bai wuce 'yan maikuron ba, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Amma fa ba nauyin ƙasa kaɗai ke taɓa tauraro ba: ragowar iska tana rage masa gudu, hasken rana ma yana ɗan tura shi. Shi ya sa aka dasa wata na'ura a tsakiyar kowanne don auna waɗannan a cire su, GPS kuma na faɗin daidai wurin da aka yi awon.

Duk wata sai a fitar da taswirar nauyin duniya. Duwatsu ba sa ƙaura daga wata zuwa wata, ruwa ne ke ƙaura. Don haka bambancin taswirar bana da ta bara, galibi labarin ruwa ne. A 2009 Matthew Rodell da abokan aikinsa suka nuna cewa arewa maso yammacin Indiya ta yi asarar ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya kai kubik kilomita 109 tsakanin 2002 da 2008, musamman saboda noman rani. An kuma ga tsibirin Girinland yana asarar ƙanƙara kusan tan biliyan 280 a shekara. A nan yankinmu ma, masu bincike sun yi amfani da bayanan wajen bin sawun ruwan da ke kwance a kwarin Kogin Neja da na Tafkin Chadi, wuraren da rijiyoyin gwaji suka yi ƙaranci.

An tsara GRACE don shekara 5, ya yi fiye da 15 kafin batir ya gaza a 2017. Kafin nan an riga an kai dabarar duniyar wata: tagwayen GRAIL da aka harba a 2011 sun nuna ɓawon wata bai kai kaurin da ake zato ba, tsakanin kilomita 34 ne da 43.

Magajinsa, GRACE-FO, ya tashi ranar 22 ga Mayun 2018, ɗauke da sabon abu: hasken leza. Igiyar leza ta fi ta rediyo gajarta sau dubbai, don haka awon ya sauko zuwa nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Wannan ne karon farko da aka yi irin wannan awo da leza tsakanin kumbo biyu. Wahalar tana wajen saiti, domin sai siririn hasken ya faɗa cikin 'yar ƙofa a jikin abin da ke gudun sama da kilomita 7 a daƙiƙa.

Duk waɗannan tagwaye sakin su ake yi su yi ta lilo, a auna lilon. Proba-3 na hukumar sararin samaniyar Turai, da aka harba daga Indiya ranar 5 ga Disambar 2024, shi kuma riƙe tazarar yake yi. Kumbo ɗaya na ɗauke da faifai mai faɗin mita 1.4, yana tare wa ɗan'uwansa rana daga nisan kusan mita 150, su haɗa husufin rana na kansu har na awa 6 a jere, don a ɗauki hoton rawanin rana. Kyamarori da leza ne ke tsayar da su, da kuskuren da bai wuce milimita ba, ba tare da wani na tuƙa su daga ƙasa ba.

Abin da ke tafe shi ne LISA, kumbo uku da tazarar kilomita miliyan 2.5 tsakanin kowane biyu, da ake sa ran harbawa wajajen 2035 domin jin girgizar da karon baƙaƙen ramuka ke yi wa sararin samaniya. Masanan Hanover a Jamus da suka taimaka wajen ƙera lezar GRACE-FO, daga shirin LISA suka ɗauko dabarar. Ka ga ke nan na'urar da aka fara tsarawa don sauraren can ƙarshen sama, ita ce yau take taimakawa wajen auna ruwan da ya rage a ƙarƙashin gonaki.