Yadda gundumomin makarantu a Amurka ke tsara shigar da kwamfuta aji

A Amurka, gundumomi kimanin dubu 13 ne ke tafiyar da makarantun gwamnati. Kowace gunduma tana da hukumar ilimi da kasafin kuɗinta, kuma wani babban kaso na kuɗin daga harajin gidaje da filaye yake fitowa.

Saboda haka gunduma ce ke yanke shawarar irin na'urorin da za a saya wa ɗalibai. Idan jama'ar gari na ƙaruwa, aikin yakan ƙara wuya, domin a aljihu ɗaya ake neman kuɗin gina azuzuwa, da ɗaukar malamai, da sayen kwamfutoci.

Misalin Mooresville

Garin Mooresville da ke jihar North Carolina yana da mutane kusan dubu 19 a shekarar 2000, amma zuwa 2020 sun haura dubu 50.

Bayan da Mark Edwards ya zama shugaban gundumar makarantun garin a 2007, an soma raba kwamfutocin tafi-da-gidanka daki-daki, daga babbar sakandare, har aka kai ga 'yan aji huɗu na firamare.

Gundumar ta ɗauki hayar kwamfutocin ne maimakon saye, ta sanya kuɗin a kasafin kowace shekara, sannan iyaye suka riƙa biyan dala 50 a shekara domin gyara. An kuma riƙa horar da malamai a lokacin dogon hutu.

Adadin masu kammala sakandare ya tashi daga kashi 80 cikin ɗari a 2008 zuwa kashi 91 a 2011. A makarantar garin ce Shugaba Barack Obama ya ƙaddamar da shirin ConnectED a watan Yunin 2013, domin sada kashi 99 na ɗaliban ƙasar da intanet mai sauri.

Sai dai an yi hakan ne a daidai lokacin da aka rage guraben malamai, ɗalibai kuma suka ƙaru a kowane aji.

Misalin Los Angeles

A 2013 gundumar Los Angeles, ta biyu mafi girma a ƙasar, ta soma shirin bai wa ɗalibai sama da dubu 600 na'urar iPad, a kan kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala biliyan 1.3.

Tun a makonnin farko ɗalibai kimanin 300 suka cire shingen tsaron na'urorin. Makarantu da dama ba su da ingantaccen intanet, manhajar darussan kamfanin Pearson ba ta kammala ba, malamai kuma sun koka da ƙarancin horo.

An kuma soki amfani da bashin gina makarantu, wanda ake biya cikin shekaru masu yawa, wajen sayen na'urar da ke tsufa cikin 'yan shekaru.

An dakatar da kwangilar a watan Agustan 2014, shugaban gundumar John Deasy ya yi murabus a watan Oktoba. Hukumar FBI ta gudanar da bincike, wanda aka rufe a 2017 ba tare da an tuhumi kowa ba.

Abin da tsari ke buƙata

Misalan biyu sun nuna cewa sayen na'ura shi ne mataki mafi sauƙi.

Kafin a kai gare shi, sai gunduma ta ƙiyasta yawan ɗaliban da za ta samu nan gaba, ta tabbatar da intanet a kowane aji, ta horar da malamai, ta kuma gwada shirin a makarantu kaɗan.

Haka kuma dole ta san inda kuɗin sabunta na'urorin za su fito bayan shekara uku ko huɗu, domin a lokacin ne ɗalibai sun ƙaru, na'urorin farko kuma sun gaji.